Bashin da Gawa Ke Bin Mai Rai

Kusan babu wani daga cikinmu da bai taɓa tsayawa a bakin hanya ba domin a wuce da makara. Mai keke yakan sauka, mai tebur yakan katse ciniki, wani ma yakan ajiye abin da ke hannunsa ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku, alhali bai san ko wane ne aka lulluɓe ba, kuma ba ya sa ran wani zai biyo shi da godiya. Mun saba da wannan har ba mu cika tambayar kanmu dalilinsa ba. Amma idan aka zauna aka yi tunani, abin da ban mamaki yake. Duk wata hulɗa ta 'yan Adam tana da ɗan ƙulli na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda a cikinta: maƙwabcin da muka taimaka yau yana iya taimakonmu gobe, wanda muka zalunta kuma yana iya ramawa. Gawa ce kaɗai ba ta sakayya, ba ta ramuwa, ba ta kai ƙara gaban alƙali. To, me ya sa muke jin tana bin mu bashi? Kuma idan wuya ta yi wuya, har mai rai ya rasa inda zai sa kansa, bashin nan yana nan, ko kuwa ya faɗi?

Malamanmu na addini suna da amsa, kuma mun san ta tun muna ƙanana. Abin da muke so a wannan ɗan rubutu shi ne mu kai tambayar wuri mai nisa, wurin mutanen da ba su san littattafanmu ba, masu bautar gumaka, waɗanda ma ƙona gawa yana cikin al'adarsu, mu ga yadda suka yi da ita sa'ad da yaƙi da annoba da rikicin mulki suka taru musu a lokaci guda. Mutanen nan su ne Girkawan da, musamman na birnin Atina, cikin shekara 27 da suka shafe suna gwabzawa da birnin Isbarta da ƙawayensa, daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Shekarun da za mu ambata na wancan zamani ne, sai inda muka faɗa, saboda haka mai karatu ya lura lissafinsu baya-baya yake tafiya. Akasarin labarin daga Tusididis muka same shi, wani mutumin Atina da ya yi kwamanda a yaƙin, ya kamu da annobar ya tashi, sannan ya rubuta abin da ya gani. Inda ya tsaya kuma Zinofon ya ɗora.

Ƙasar Girka a wancan lokaci ba ƙasa ɗaya ba ce. Birane ne barjat, kowanne da dokarsa da mayaƙansa da abin bautarsa, kuma da wuya damina ta zagayo ba a sami biyu daga cikinsu suna faɗa ba. Duk da haka akwai ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita. Idan aka tashi daga fagen fama, wanda aka kora yakan aiko manzo ya roƙi a bar shi ya kwashi gawawwakin mutanensa, kuma wannan roƙo shi ne amsa cewa an ci shi da yaƙi. Wanda ya yi nasara kuwa ba shi da ikon hanawa. A shekara ta 425 wani kwamandan Atina mai suna Nikiyas ya kori mayaƙan birnin Korinti a ƙasarsu, ya kwashi matattunsa ya shiga jirgi. Sai aka ƙirga aka ga babu gawa biyu. Nikiyas ya tsayar da jiragen, ya aika manzo wurin mutanen da ya gama kora yana roƙo. A bisa al'adarsu, da wannan aike ya sarayar da sunan nasarar da ya samu. Ya san haka, kuma ya zaɓi gawa biyun. Mu riƙe sunan mutumin nan, za mu sake haɗuwa da shi a wani hali daban.

Ba wai Girkawa ba su san cewa al'adun jana'iza sun bambanta ba ne. Hirodotus, wanda ya riga Tusididis rubutu da 'yan shekaru, ya kawo labarin Sarki Dariyus na Farisa, da ya tambayi wasu Girkawa nawa zai ba su su ci gawar iyayensu, suka ce babu wannan kuɗin a duniya. Ya kira wasu mutanen Indiya da al'adarsu ita ce cin gawar iyaye, ya tambaye su nawa za su karɓa su ƙona ta, suka yi kururuwa suka ce ya daina wannan saɓo. Akan kawo labarin nan domin a nuna cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda ƙungiyoyin biyu suka haɗu: babu wanda ya yarda ya sa wa gawar ubansa farashi.

A Atina kuwa, abin ya wuce na dangi, ya zama na hukuma. Duk shekarar da aka yi yaƙi, da sanyi ya shigo sai a yi wa mazan da suka faɗi jana'iza ta gari baki ɗaya. A kafa rumfa a ajiye ƙasusuwansu, kowa ya kawo wa nasa abin da ya ga dama. Ran jana'iza a zuba su a manyan akwatuna na katako, akwati guda ga kowace ƙabila daga ƙabilun birnin guda goma, a ɗora a kan amalanke. Sannan a ɗauko wata makara da aka yi wa shimfiɗa, babu kowa a kanta, a sa ta cikin jerin. Wannan ta waɗanda ba a ga gawarsu ba ce. Haka za a tafi, ɗan gari da baƙo, har maƙabartar Keramikos da ke bayan ganuwa. A ƙarshen shekarar farko ta yaƙin, Firikilis, babban jagoran birnin, shi aka zaɓa ya yi jawabi a wurin, ya kuwa kwarzanta Atina da cewa birni ne na masu bin doka, har da dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda kunya ce kawai ke tsaron su.

Ba a yi wata shida ba annoba ta sauka.

Dabarar yaƙin Firikilis ita ce ta share mata hanya. Da yake Isbarta ta fi ƙarfi a tudu, Atina kuma a ruwa, sai ya sa aka kwaso mutanen karkara duka aka shigo da su cikin ganuwa, aka bar wa maƙiyi gonaki ya yi ta ƙonawa. Akwai dogayen katangu da suka haɗa birnin da tashar jiragen ruwa ta Firiyus, tafiyar kilomita shida ko fiye kaɗan, ta nan abinci ke shigowa. Mutanen da aka kwaso ba su da gidaje. Suka cika wuraren bauta da hasumiyoyin ganuwa, suka kafa bukkoki a tsakanin katangun, ga zafi, ga ƙarancin ruwa. A shekara ta 430 cutar ta fara ɓulla a Firiyus. An ce daga can kudancin Masar ta taso, ta bi ta Masar da Libiya. Mutanen tashar kuwa da farko cewa suka yi maƙiya ne suka zuba guba a ma'ajiyar ruwansu, kamar dai yadda ɗan Adam ya saba, gara ya sami wanda zai zarga da ya yarda cewa abin ba shi da fuska.

Mutum yana zaune lafiya lau sai kansa ya ɗauki zafi, idanu su yi ja, maƙogwaro da harshe su yi jini. Daga nan atishawa da shaƙewar murya, sai tari, sai amai. Jiki a waje ba ya zafi sosai, amma a ciki wuta ce, har majinyaci ba ya iya jure ko ƙyalle a jikinsa, waɗanda ba su da mai tsaro kuma sukan faɗa cikin tankunan ruwa saboda ƙishirwar da ba ta yankewa. Yawanci cikin mako guda ko da 'yan kwanaki a kai ake cikawa. Wanda ya tsira yana iya rasa yatsu ko ido, wasu kuma suka tashi ba su san kansu ba, ba su san danginsu ba. Likitoci ne suka fi mutuwa, domin su suka fi kusantar marasa lafiya. Tsuntsayen da ke cin mushe suka ɓace daga birnin. Cutar ta yi shekara biyu tana ɓarna, ta lafa, ta sake dawowa a ƙarshen 427. Daga cikin dakaru masu sulke an rasa 4,400, daga barade 300, talakawa kuwa babu wanda ya ƙirga. Masana tarihi sukan ƙiyasta cewa tsakanin rubu'i da sulusin mutanen birnin ne suka tafi. Firikilis kansa ya binne 'ya'yansa maza biyu, sannan ya bi su a 429.

A nan ne Tusididis ya kawo abin da ya fi damun sa. Gawawwaki suka taru a kan juna a bukkoki da wuraren bauta, waɗanda ba su gama cikawa ba suna birgima a bakin maɓuɓɓugan ruwa. Dukan tsarin jana'iza ya wargaje. Mutumin da ya riga ya binne mutane da yawa a gidansa, itace ya ƙare masa, sai ya leƙa inda wasu suka tara nasu itacen, ya riga su ɗora gawarsa ya cinna wuta. Wani kuma ya tarar ana ƙona wata gawa, ya jefa tasa a kai ya juya ya tafi. Marubucin ya kira wannan rashin kunya, ya kuma ce daga nan ne rashin bin doka ya fara a birnin. Tsoron gumaka bai hana kowa komai ba, tun da an ga mai bauta da marar bauta duk tafiya suke yi. Tsoron hukuma ma haka, domin babu wanda ke sa ran zai kai ranar shari'a. Wanda ya gaji dukiya da safe sai ya nemi cinye ta kafin dare.

Idan muka tsaya a nan, amsar tambayarmu ta fito, kuma amsa ce mai ɗaci: mutunta gawa tsoro ne da ganin ido, ranar da aka cire su biyun nan sai ya faɗi kamar bangon da ruwa ya ci. Masu wannan ra'ayi suna da yawa, kuma ba wawaye ba ne. Amma muna ganin an yi gaggawar yanke hukunci, har shi Tusididis ɗin, duk da girman da muke ba shi. Mu sake duban mutumin nan mai satar wuta. Gidansa ya ƙare ko ya kusa. Ya san taɓa gawar nan yana iya zama ajalinsa. Babu ɗan doka da zai kama shi idan ya bar ta a ɗaki ya ja ƙofa, babu maƙwabcin da ya rage da zai yi da shi. Duk da haka ya saɓa ta a kafaɗa, ya bi lunguna yana neman inda hayaƙi ke tashi. Abin da ya yi wa masu itacen zalunci ne, ba mu musa ba. Amma wanda ya yarda cewa gawa ba ta bin sa komai ba zai yi sata dominta ba. Sata ce irin ta wanda bashi ya yi wa katutu.

Ƙasa ma ta ba da shaida a kan wannan. A shekarun 1994 da 1995 na zamaninmu, ana haƙar hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin birnin Atina, sai aka ci karo da wani rami a Keramikos mai ɗauke da gawawwaki wajen 150 na lokacin annobar. Waɗanda ke ƙasa an jera su da ɗan tsari da tazara, na sama kuwa an tula su ne kawai, wani kan nan wani kan can. Mutum yana iya karanta yadda ƙarfin masu binnewa ya yi ta raguwa daga gindin ramin zuwa bakinsa. Amma a cikin ramin an sami 'yan ƙananan tukwane masu araha irin waɗanda ake rakiyar mamaci da su, jarirai kuma an sa su cikin tuluna kamar yadda aka saba. Daga haƙoran wasu gawawwakin ne masu bincike suka ce a 2006 sun ga alamar zazzaɓin taifod, ko da yake wasu masanan ba su gamsu ba. Akwai wata yarinya 'yar shekara 11 a cikinsu da aka sake gina kamannin fuskarta, aka raɗa mata suna Mirtis. Wani ne ya ɗauko ta ya kawo ta bakin ramin nan, a ranar da ɗaukar gawa take daidai da sayar da rai.

Saboda haka akwai bambanci tsakanin kasawa da ƙi, kuma a ganinmu kusan dukan maganar a kan wannan bambanci take. Annoba tana ƙwace itace da likkafani da masu ɗauka, tana iya ƙwace hawaye ma, domin an ce har kuka mutane suka gaji da yi. Amma ba mu ga inda ta sa wani ya dubi gawa ya ce wannan ba ta cancanta ba. Wannan aikin wani abu ne daban, kuma ba a daɗe ba ya bayyana.

A shekara ta 427, a tsibirin Korkira, wanda ake kira Korfu a yau, rikici ya ɓarke tsakanin talakawa masu goyon bayan Atina da manyan gari masu karkata ga Isbarta. Kwana bakwai jiragen Atina 60 suna tsaye a tashar, mutanen gari suna yanka junansu. An ce don kare mulkin jama'a ake yi, amma wani tsohuwar gaba ce ta ci shi, wani kuma wanda yake bi bashi ne ya kashe shi. Uba ya kashe ɗa. An jawo mutane daga wurin bauta, wasu kuma aka toshe su a ciki da gini har suka mutu. Bayan shekara biyu aka ƙarasa ragowar, da gari ya waye aka loda gawawwakinsu a kan amalanke, wasu a tsaye wasu a gicciye kamar itacen girki, aka fitar da su bayan gari. A Korkira babu annoba. Akwai itace, akwai masu ɗauka, akwai lokaci. Abin da babu shi ne yarda cewa wanda ke kwance ɗin nan mutum ne. Tusididis ya lura cewa a irin wannan hali kalmomi kansu sukan sauya ma'ana, ganganci ya zama jarunta, tunani kafin aiki ya zama ragwanta, ɗan jam'iyya ya fi ɗan'uwa na jini kusa. Mu ƙara da cewa kalmar gawa ma takan sauya, ta koma mushe.

Ko tsakanin birni da birni tsohuwar ƙa'idar ta fara tsagewa. A 424, bayan an ci Atina da yaƙi a Diliyum, mutanen Biyotiya suka ƙi ba da gawawwaki kusan dubu sai an fita musu daga wani wurin bauta da aka mamaye. Kwana 17 ana jayayya, matattu suna kwance a fili sun zama abin ciniki.

Sai kuma Nikiyas. A 415 Atina ta aika gagarumar runduna ta ci birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, shi kuma yana cikin kwamandojin, duk da cewa ya yi ta gargaɗi kada a je. A 413, lokacin da janyewa ta zama dole kuma hanya tana buɗe, wata ya yi husufi, Nikiyas ya bi maganar bokaye ya ce a dakata kwana 27. Kafin nan maƙiyi ya toshe bakin tashar. Aka yi karon ƙarshe a ruwa, aka farfasa jiragen Atina, kuma saboda tsananin abin da ya same su ko tunanin aika manzo ya roƙi gawawwaki ba su yi ba. Mutum 40,000 suka kama hanyar tudu, suna ratsa matattunsu da ba a binne ba, marasa lafiya da masu rauni suna rataye a wuyan abokansu suna roƙo, har inda ƙarfinsu ya ƙare. Mai jagorar tafiyar shi ne mutumin da ya taɓa mayar da nasara saboda gawa biyu. Shin Nikiyas ya canja ne? Ba mu zaci haka ba. Kasawa ce, irin ta masu annoba. Sai dai ba za mu wanke shi sarai ba, domin tsoron abin bauta da ya sa shi tsayawa saboda gawa biyu, shi ne ya sa shi tsayawa saboda husufi, har dubbai suka zama gawa. An kama shi aka kashe, fursunoni fiye da 7,000 kuma aka zuba su a ramukan fasa dutse, masu rai da matattu wuri guda.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi wuyar warwarewa a labarin duka. A 406 Atina, da ta riga ta galabaita har ta sa bayi tuƙin jiragen yaƙi, ta yi wata babbar nasara a kusa da tsibiran Arginusa, daf da gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau. Ta rasa jirage 25, kowanne kuwa yana ɗaukar mutum wajen 200. Kwamandoji suka ware jirage 47 su tsamo masu rai da matattu, sauran su bi maƙiyi. Sai guguwa ta taso, ba a yi ko ɗaya ba. Da labari ya iso gida murna ta koma ciki. Daga kwamandoji takwas biyu suka ƙi dawowa, shida suka dawo suka yi bayani a gaban taron jama'a, har alamu suka nuna za a karɓi uzurinsu, sai dare ya yi aka ɗage zaman. Kafin a sake zama aka yi wani biki da dangi ke taruwa, kowane gida ya ga gurbin wanda babu. Mutane suka zo taro da baƙaƙen tufafi da askakken kai. Wani ya tashi ya ce shi a kan gangar gari ya tsira, kuma waɗanda ke nutsewa sun ba shi saƙo ya faɗa wa jama'a cewa kwamandoji sun yashe su. Aka kawo shawara a yanke wa dukansu hukunci da ƙuri'a guda, abin da ya saɓa wa dokar birnin, wadda ta ba kowane mutum shari'arsa daban. Da wasu suka ɗaga wannan magana, taro ya ɗauki ihu, wai wane ne zai hana jama'a yin abin da suke so. 'Yan majalisar da ke shugabantar zaman suka tsorata suka sakar musu, ban da mutum ɗaya, Sukurat masanin falsafa, wanda ya ce ba zai sa hannu a abin da ya saɓa doka ba. Aka wuce shi. Aka kashe mutum shidan, cikinsu har da Firikilis ƙarami, ɗan da ya rage wa tsohon jagoran bayan annoba, wanda jama'ar nan da kansu suka ba shi 'yancin ɗan gari don tausayin ubansa.

To, a nan fa? Ga mutane sun tashi tsaye saboda haƙƙin waɗanda teku ta ci, ba kabari, ba makara. Idan mutunta mamaci shi ne ma'aunin nagarta, ai sai mu yaba musu. Amma ba za mu iya ba. Kuskurensu shi ne sun ɗauki kasawa suka yi mata hukuncin ƙi, sun tuhumi mutane da laifin guguwa. Kakanninsu sun san cewa akwai ranar da ba a iya kawo gawa gida, shi ya sa suka tanadi makarar da babu kowa a kanta. Wannan makara amsa ce cewa bashin yana nan ko da an kasa biya, kuma ba sai an nemo wanda za a yanka a kansa ba. 'Yan 406 sun manta da ita. Muna kuma zargin cewa ba matattun kaɗai suke yi wa kuka ba. Da yawa cikin dattawan taron suna samari lokacin annoba, wasu sun rasa 'yan'uwa a Sisili ba su ga ko ƙashinsu ba. Mutumin da ke ɗauke da irin wannan nauyi shekara da shekaru, idan aka nuna masa wanda zai sauke wa, da wuya ya tsaya tambayar doka. 'Yan siyasar da suka kitsa abin sun san haka sarai. Ba a daɗe ba jama'a suka yi da-na-sani, suka juya kan wanda ya kawo shawarar, ya ƙare rayuwarsa cikin yunwa kowa na ƙyamarsa. Ihu bayan hari ke nan. Shekara ɗaya bayan haka, babu ƙwararrun kwamandoji, aka kama kusan dukan jiragen Atina a wuri ɗaya, a 404 kuma birnin ya miƙa wuya aka rushe dogayen katangun ana busa sarewa.

Isbarta ta ɗora wa Atina mutum 30 su yi mulki, ƙarƙashin jagorancin Kiritiyas. Cikin wata takwas suka kashe mutum wajen 1,500, da yawa don dukiyarsu kawai. Wani marubucin jawabai mai suna Lisiyas, wanda gidansu ke da masana'antar garkuwa, ya bar mana labarin ɗan'uwansa Folimakus. An kama shi a hanya, aka ba shi guba ya sha ba tare da an gaya masa laifinsa ba. Suna da gida uku, amma aka hana a fitar da gawarsa daga ko ɗaya, sai rumfa aka yi haya aka shimfiɗe shi. Suna da tufafi jibge, an kwashe, aka roƙi ko ɗaya aka hana. Abokai ne wannan ya kawo mayafi, wancan ya kawo matashin kai. Mayafi guda ba zai rage wa masu mulkin komai ba. Sun hana ne domin hanawar ita ce saƙon.

Waɗanda suka gudu daga birnin suka taru ƙarƙashin Tirasibulus, ɗaya daga cikin shugabannin jiragen da guguwa ta hana tsamo mutane a Arginusa. Ya fara da mutum 70, ya kai dubu, ya sauko Firiyus. A 403 aka yi karo a wani tudu da ake kira Munikiya, aka kori rundunar mutum talatin ɗin, Kiritiyas ya faɗi tare da wasu wajen 70. Al'adar yaƙi ta ba mai nasara damar tuɓe gawar maƙiyi. Mutanen Tirasibulus, waɗanda aka ƙwace wa gidaje aka kashe wa 'yan'uwa, suka kwashi makamai kawai, ba su cire rigar ko mutum ɗaya ba, suka kuma mayar da gawawwakin cikin aminci. Ana cikin wannan miƙe-miƙe ne mutanen ɓangarorin biyu suka matso kusa, suka fara magana da juna. Wani mai shela da Allah ya ba murya ya nemi a yi shiru, ya tuna musu bukukuwan da suka yi tare, da makarantar da suka zauna tare, da yaƙoƙin da suka yi kafaɗa da kafaɗa, ya kuma shaida musu cewa cikin waɗanda ke kwance ɗin nan akwai waɗanda su ma masu nasarar suka yi wa kuka. Shugabannin ɗaya ɓangaren suka yi maza suka janye mutanensu don kada su ƙara ji. Washegari aka tuɓe mutum talatin ɗin daga mulki. An ɗan ƙara gwabzawa bayan haka, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi sulhu, aka yi rantsuwa cewa ban da manyan masu laifi, ba za a sake tayar da abin da ya wuce ba.

Ba mu ce gawawwaki 70 ne suka kawo sulhun ba. Akwai gajiya, akwai lissafin sarkin Isbarta da ya shiga tsakani don biyan tasa bukatar. Ba kuma mu ce birnin ya warke ba, domin bayan shekara huɗu, a 399, wannan mulkin jama'a da aka maido shi ne ya yanke wa Sukurat hukuncin kisa. Almajirinsa Aflatun ya rubuta yadda ranar ƙarshe ta kasance. Abokinsa Kirito ya tambaye shi yadda yake so a yi masa jana'iza, sai ya yi dariya ya nuna cewa wannan bai dame shi ba, su yi yadda suka ga ya dace da al'ada, domin abin da za su binne ba shi ba ne. Mai neman hujjar cewa gawa ba komai ba ce yana iya tsayawa a nan. Amma tsohon, yana da shekara 70, kafin a kawo masa ƙoƙon gubar sai ya tashi ya shiga wani ɗaki ya yi wanka, ya ce gara ya hutar da mata wahalar wanke gawarsa. Ya fito ya yi sallama da 'ya'yansa, ya sha, ya yi ta zagayawa har ƙafafunsa suka yi nauyi, ya kwanta ya rufe fuska. Da motsi ya tsaya, Kirito ya matso ya rufe masa baki da idanu.